Man Zaitun na Girka: Me Ke Cikin Kwalbar, Kuma Ta Yaya Ake Gane Na Ƙwarai?

Kwalabe biyu ne a kanti ɗaya, dukansu rabin lita, dukansu da hoton reshen zaitun da sunan wani gari na Girka, amma kuɗin ɗaya ya ninka na 'yar'uwarta sau uku. Shin mai tsadar ce ta gaske, mai arhar jabu? Ko duk mai ɗaya ne, suna kawai ake sayarwa?

Tambayar ta ƙara zafi tun 2023, lokacin da farashin man zaitun ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Fari da tsananin zafi sun ƙone amfanin Sifaniya, wadda ita ke samar da kusan rabin man zaitun na duniya a shekara mai kyau. A kakar 2022 zuwa 2023 ta samu tan dubu 660 da 'yan kai, abin da bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba. Kaka ta gaba sai Girka ita ma ta faɗi, ta samu kusan rabin abin da ta samu a baya. Kilo ɗaya da ake saya wajen Yuro 3 daga hannun manomi ya kai Yuro 9 a farkon 2024. Daga baya farashin ya sauko, amma ya bar mutane da zargin kowace kwalba. Zargin yana da tushe, sai dai yawanci ba inda matsalar take ake dubawa ba.

Ruwan ɗan itace ne

Man gyaɗa, man waken soya da man sunfulawa duk daga ƙwaya ake fitar da su, kuma na kamfani sai an bi su da zafi da sinadarai kafin su ciwu. Man zaitun na asali daga tsokar ɗan itacen yake fitowa. Ana niƙa shi ɗanye, a raba mai da ruwa, shi ke nan. Ba a soyawa, ba a dafawa, ba a zuba komai. Don haka ya fi kusa da ruwan lemo da aka matse a kan mai irin na jarka. Duk abin da ya samu ɗan itacen, tsutsa ce ko rauni ko kwana a buhu, zai fito a man. Kuma daga ranar da aka matse shi ya fara tsufa. Babu man zaitun da ke ƙara kyau don ya daɗe.

Wanda ya riƙe wannan ya gane rabin zancen. Sunan ƙasa a jikin kwalba ba ya gaya maka yaushe aka matse man, balle inda ya kwana kafin ya iso gabanka.

Matakan daraja da abin da ake aunawa

Majalisar Zaitun ta Duniya, wadda aka kafa a 1959 kuma mazauninta ke Madrid, ita da Tarayyar Turai suka tsara matakan da Girka ke bi.

Na ƙoli shi ne wanda ake rubuta wa "Extra Virgin". Sharaɗinsa biyu ne, na ɗakin gwaji da na harshe. A ɗakin gwaji asid ɗinsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, ma'aunin feroksayid, mai nuna yadda iska ta fara cin man, kada ya wuce 20. A harshe kuwa ana ba ƙwararrun maɗanɗana takwas zuwa goma sha biyu, kuma dole su ji ƙamshin ɗan itace ba tare da aibi ko ɗaya ba. Na biye da shi "Virgin" ne kawai: asid har zuwa kashi 2, da ɗan aibi kaɗan. Wanda ya wuce nan ana kiransa lamfante, wato man fitila, kuma doka ta hana sayar da shi don ci sai an wanke shi a masana'anta.

A nan ruɗanin yake farawa. Idan aka wanke lamfante da zafi da sinadarai, yakan fito ba wari, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Sai a zuba masa ɗan mai kyau don ya yi launi, a rubuta "Olive Oil" kawai, ko a wasu kasuwanni a ƙara "Pure" ko "Light". Mutum ya ga "Pure", kalmar da ke nufin tsantsa, sai ya ɗauka ya samu na ƙoli, alhali wankakke ya saya. "Light" kuma, wato mara nauyi, ɗanɗano take nufi. Kitsen cikinsa daidai yake da na sauran.

Can ƙasa akwai "Pomace", wanda Girkawa ke kira firinelayo. Kamar dai a ɗauki tunkuza bayan an gama matsar man gyaɗa, a jiƙa ta da sinadarin heksan don a zuƙe ɗan man da ya rage, a wanke shi, a gauraya da ɗan mai kyau. Halas ne a doka, yana suya, amma ba shi ne abin da ake yabo ba.

Abu ɗaya game da asid da mutane ke yawan kuskurewa: ba tsami ba ne, harshe ba ya jinsa. Ma'auni ne na yadda kitsen ya fara warwarewa saboda ɗan itacen ya ji rauni ko ya jima ba a niƙa ba. Man Girka mai kyau yakan zauna tsakanin 0.2 da 0.4. Amma wankakken mai ma asid ɗinsa ba ya wuce 0.3, domin an cire shi da sinadari. Shi ya sa dokar Turai ta ce duk wanda zai rubuta asid a jikin kwalba sai ya rubuta sauran ma'aunan tare da shi, da haruffa masu girma ɗaya.

Koronaiki da 'yan'uwanta

Girka takan zo ta uku a noman man zaitun a Turai, bayan Sifaniya da Italiya, kuma mafi yawan abin da take matsewa na matakin ƙoli ne. Babban dalili shi ne irin itacen da ya mamaye gonakinta, wato Koronaiki, mai sunan garin Koroni na yankin Mesiniya a Felofonis, kudancin Girka. Ɗanta ƙarami ne, bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba, amma cike yake da mai, itacen kuma yana jure fari da ƙasa mai duwatsu. Mansa kore ne, yana ƙamshin ciyawar da aka yanka yanzu ko ɗanyar ayaba, da ɗaci matsakaici da maƙaƙi a maƙogwaro. Yana kuma daɗewa bai lalace ba fiye da na wasu irin da dama. Shi ne ya cika Mesiniya da Lakoniya da kusan duk tsibirin Kirit.

Ga wani abu da ke ruɗa har da masu kanti. Zaitun ɗin Kalamata da aka sani, baƙi mai tsini da ake ci da salak, ba shi ake matsewa a yi man Kalamata ba. Wancan na ci ne, sunan irinsa Kalamon. Man da ke ɗauke da hatimin Kalamata daga Koronaiki ake yinsa da wani iri mai suna Mastoyidis. Sunan wuri ne, ba na itace ba.

Sauran irin kowane da halinsa. Manaki na yankin Argolida mai laushi ne, ba ɗaci sosai, ya dace da wanda bai saba ba. A tsibirin Lesbos akwai Kolobi da Adramitini, masu ba da mai ruwan zinariya mara kauri. A Korfu akwai Liyanoliya, dogayen itatuwa da aka dasa da yawa zamanin da daular Fenis, birnin da ke Italiya a yau, ke mulkin tsibirin. Tsayinsu ya sa bisa al'ada ba a hawa, sai a shimfiɗa raga a jira 'ya'yan su faɗo da kansu, abin da ya daɗe yana ba da mai mai asid da yawa. Yanzu wasu manoman tsibirin sun koma tsinka da wuri, kuma man ya canza gaba ɗaya. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin hannu ya fi sunan wuri tasiri.

Akwai kuma agurelayo, man ɗanyen zaitun da ake tsinka tun Oktoba kafin ya fara sauya launi. Kore ne shar, mai ɗaci da yaji. Tsadarsa lissafi ce kawai: zaitun da ya nuna, kilo 4 zuwa 5 kan ba da kilo ɗaya na mai, ɗanye kuwa sai an haɗa kilo 8 zuwa 10 ko fiye. Yankin Halkidiki a arewa ya yi suna da shi.

Daga gona zuwa inji, inda ake gyarawa ko ɓatawa

Kakar zaitun a Girka takan fara a Oktoba, ta yi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Janairu. Gonakin ƙanana ne, na iyali, da yawa a kan gangaren tsauni inda babbar mota ba ta shiga. Ana shimfiɗa raga a ƙasa, a karkaɗe rassan da sanda mai inji, wasu kuma su sare rassan da suka yi nauyi su bi da su ta injin tsinka.

Abokin gaba na farko ƙuda ne da Girkawa ke kira dakos. Yana huda ɗan itacen ya saka ƙwai, tsutsa ta ci tsokar daga ciki, iska da fumfuna su bi ramin. Shekarar da damshi ya yi yawa kuma bazara ba ta yi zafi sosai ba, ƙudan kan yi ɓarna, asid ya hau a yanki guda. Hukuma na shirya feshin tarko kowace shekara, amma idan ya makara, ya makara. Shi ya sa kamfani ɗaya, gona ɗaya, man bana na iya bambanta da na bara.

Na biyu buhu ne. Zaitun da aka cusa a buhu aka jibge, musamman buhun leda, yakan yi zafi daga ciki ya fara ruɓa cikin kwana ɗaya ko biyu. Man da zai fito yana da wani wari kamar na jiƙaƙƙen dusa da ta kwana. Masu yin na ƙwarai kwandunan roba masu huji suke amfani da su, kuma su kai inji a ranar, kafin awa 24. Akwai ma matsalar da ido ba ya gani: man da ake zuba wa sarƙar zarto mai inji yakan fantsama a kan 'ya'yan idan aka sare rassa lokacin tsinka, ya bar burbushin man inji a cikin man ci. Masu saye daga Jamus da wasu ƙasashe sun matsa lamba a kan wannan, manoma da dama sun koma shafa wa zarto man tsiro.

A wurin matsa ana fece ganye, a wanke, a niƙa har da ƙwallon, sannan a zuba ƙullin a wani kwami mai juyawa a hankali na minti 30 zuwa 45, don ɗigon mai su haɗu. Nan ne jarabawar mai inji take. Idan ya ƙara zafi ko ya tsawaita juyi zai samu mai da yawa, amma ƙamshi zai tashi. Kuma a Girka sau da yawa ladan mai inji kaso ne na man da ya fito, ga layin manoma na jira, ka ga kuwa akwai abin da ke jan hannunsa zuwa maɓallin zafi. Doka ta ce ba a rubuta cewa an fitar da mai da sanyi sai idan ƙullin bai kai digiri 27 ba.

Daga nan sai injin da ke juyawa da gudu ya raba mai da ruwa da tunkuza. Wani samfurin sai an ƙara masa ruwan ɗumi, wanda ke wanke wani kaso na sinadaran ɗaci masu amfani. Wani kuma ba ya buƙatar ruwa, mansa ya fi ƙarfi. Maganar "matsar farko" da ake rubutawa tsohon yayi ce daga zamanin dutsen niƙa da tabarmin matsa. A injin zamani babu matsa ta biyu, duk man ƙoli na farko ne.

Kura da shan bugu

Me ya sa man Italiya ya cika kantuna, na Girka sai an nema? Domin kaso mai yawa na abin da Girka ke fitarwa a tankoki yake tafiya, ba suna ba hatimi, kuma Italiya ce babbar mai saye. Italiya tana ci tana kuma fitar da fiye da abin da take nomawa, don haka kamfanoninta ke sayen na Girka mai ƙarfi su ɗaga darajar gaurayensu da shi. Manomin Lakoniya ya yi wahalar, ribar kwalba ta tafi wani wuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu sukar tsarin a Girka suna cewa ƙasar na zubar da dukiyarta, ya kamata ƙungiyoyin manoma su riƙa ɗurawa da sunansu. Manoman kuma suna da tasu hujjar: dillalin tanki yana biya nan take, ɗura kwalba kuwa na buƙatar jari, talla, da jiran kuɗi wata da watanni, ga gonar ba ta wuce itatuwa ɗari biyu ko uku ba. Kowa da gaskiyarsa, amma a 'yan shekarun nan ƙananan masu ɗurawa sun yawaita, kuma su ne ke yin mafi kyawun abin da ake samu da sunan Girka.

A cikin gida kuma garwa ce ke mulki. Girkawa suna cikin waɗanda suka fi kowa shan man zaitun a duniya, kuma gidaje da yawa ba a kanti suke saya ba. Daga ƙauye ake aiko musu da tenekes, garwar lita 17, daga gonar kawu ko ta wani sananne. Dokar Turai ta ce kada a sayar wa mai ci a mazubin da ya wuce lita 5, kuma sai da takarda a jiki, amma al'ada ta fi ƙarfin doka. Wata garwar tana ɗauke da mai da babu kamarsa, wata kuma ba wanda ya taɓa gwada abin da ke cikinta. Ta wannan ƙofa algus ya fi shigowa. Tun 2018 ma aka wajabta wa gidajen abinci a Girka su ajiye wa baƙo mai a kwalba rufaffiya wadda ba a sake cikawa, maimakon butar da ake ƙara wa mai kullum.

Algus iri biyu ne

Wanda ya fi jan hankalin jarida shi ne na 'yan damfara: man sunfulawa ko na waken soya a zuba masa launin kore a ɗura a garwa. Lokacin tsadar nan ya ƙaru, tare da fasa rumbunan mai da sare rassan gonakin mutane da dare. Hukumar kula da abinci ta Girka, EFET, takan fitar da sanarwar janye irin waɗannan daga kasuwa lokaci zuwa lokaci.

Amma wanda ya fi yawa, kuma ya fi shafar mai saye na nesa, ba shi da hayaniya. Man zaitun ne na gaske, sai dai ba matakin da aka rubuta ba. Ko dai tun farko yana bakin iyaka aka ɗura shi, ko kuma ya bar Girka lafiya lau ya lalace a hanya: makonni a kwantena a tashar jirgin ruwa cikin rana, watanni a sito, sannan kanta kusa da taga. Takardar ba ta yi ƙarya ba ranar da aka manna ta. Yau ne ta zama ƙarya.

Yadda ake karanta jikin kwalba

Fara da matakin. Idan babu kalmomin "Extra Virgin" a rubuce ɓaro-ɓaro, to ba shi ba ne, komai kyan hoton. Masu sayen ƙananan kwalabe a shagunan magungunan Musulunci don sha ko shafawa, saboda darajar da zaitun ke da ita a Suratut Tin da aya ta 35 ta Suratun Nur, su suka fi buƙatar duba ƙananan rubutun. Idan ka ga "Pomace" ko "Refined", man tunkuza ne ko wankakke. Man atili na Filato ma da wasu ke kira zaitun ɗin gida, itacensa daban ne kwata-kwata, ba dangin zaitun ba ne, ko da yake shi ma mai ne mai kyau a matsayinsa.

Sai asali. A dokar Turai, mai na matakin ƙoli dole a faɗi inda ya fito, kuma ba a ce masa na Girka sai idan a can aka tsinke zaitun ɗin aka kuma matse shi. Idan ka ga an rubuta cewa gaurayen mayukan Tarayyar Turai ne, to haɗe-haɗe ne. "An ɗura a Girka" ba ɗaya yake da "an noma a Girka" ba. Lambar layi-layi da ta fara da 520 tana nuna inda kamfanin ya yi rajista ne kawai. Abin da ya fi amfani shi ne lambar masana'antar ɗurawa, wadda a Girka ke farawa da EL 40, domin da ita ake bin sawun man.

Hatimin Turai biyu ne. Ja da rawaya, wanda da Girkanci ake rubuta ΠΟΠ, yana nufin komai daga noma zuwa matsa a yanki ɗaya aka yi bisa ƙa'ida: Kalamata, da kuma Sitiya da Kolimbari na Kirit, suna cikin sanannu. Shuɗi da rawaya, ΠΓΕ, sharaɗinsa ya ɗan fi sauƙi, kamar na Lakoniya, Olimfiya da Lesbos. Hatimin shaidar asali ne. Ba ya hana mai tsufa, kuma akwai ƙananan masu matsa da ba su da shi amma mansu ya fi na masu shi.

Abin da ya fi komai shi ne shekarar kaka. Ranar ƙarewar wa'adi yawanci wata 18 ne ko shekara biyu daga ranar ɗurawa, ba daga ranar matsa ba, kuma mai na iya yin shekara a tanki kafin a ɗura shi. Doka ba ta yarda a rubuta shekarar kaka ba sai idan duk man daga kakar ya fito, saboda haka wanda ya rubuta "2024/25" ko makamancin haka ya ɗaure kansa da magana. Nemi kaka mafi kusa. Tunda ana matsa ne daga Oktoba zuwa Janairu, sabon mai kan iso kasuwannin nesa daga wajen Fabrairu zuwa gaba. Lambar NAFDAC a Najeriya tana nuna an yi wa kayan rajista, wajibi ce a duba, amma ba ta ce komai a kan sabunta.

Mazubi kuma: gwangwani ko kwalba mai duhu. Farar kwalba da robar da ake hango man a ciki kyan ɗan maciji ne, haske na cin man kullum. Wanda ba a tace ba, mai gurɓi-gurɓi, yana da daɗi a watanni biyu ko uku na farko a inda aka yi shi, amma ɗigon ruwa da burbushin da ke cikinsa kan kwanta a ƙasa su ruɓe. Ba na doguwar tafiya ba ne.

Hanci da maƙogwaro

Launi ba shaida ba ne. Maɗanɗana na hukuma a kofi shuɗi suke ɗanɗanawa don kada ido ya yaudare su. Gwajin firij da ake yaɗawa, wai na gaske yana daskarewa, shi ma ba abin dogaro ba ne: wasu na gaske ba sa daskarewa sosai, wasu gaurayen kuma suna yi.

Gwajin da ke aiki shi ne wannan. Zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofi, rufe bakin da tafin hannu, riƙe gindin da ɗaya hannun minti ɗaya ko biyu ya ɗan yi ɗumi, sannan ka buɗe ka shaƙa. Mai kyau yana ƙamshin abu mai rai: ciyawa, ganyen tumatir, ɗanyen ɗan itace. Wanda ya tsufa yana warin tsohuwar gyaɗa ko kakin kyandir, ya bar maiƙo a baki. Warin fumfuna ko na ruwan tsami alamar an ɓata shi tun a buhu. Sai ka kurɓa kaɗan, ka ja iska ta tsakanin haƙora, ka haɗiye. Ɗaci a harshe da maƙaƙin da zai sa ka yi tari sau ɗaya ko biyu, su mutane ke ɗauka alamar lalacewa, har su mayar da kwalba. Su ne kuwa alamar lafiyarsa.

Ɗacin da maƙaƙin daga sinadaran folifenol suke, waɗanda ke kare man daga iska. Mai sa tarin sunansa oliyokantal. A 2005 masanin Amurka Gary Beauchamp da abokan aikinsa suka nuna cewa a ɗakin gwaji yana aiki irin na maganin ibufurofen. Wannan bai mayar da man magani ba, adadin da ke cikin cokali kaɗan ne. Abin da Tarayyar Turai ta yarda a rubuta tun 2012 shi ne cewa folifenol na man zaitun na taimakawa wajen kare kitsen jini daga lalacewa, da sharaɗin man na da miligiram 5 nasu a kowane giram 20, wato 250 a kilo, kuma a ci giram 20 a rana. Agurelayo na Koronaiki yakan wuce wannan da nisa yana sabo, amma adadin na raguwa wata bayan wata. Kuma cokalin cin abinci ɗaya na ɗauke da kalori wajen 120, daidai da kowane mai. Amfaninsa yana fitowa ne idan ya maye gurbin wani kitse, ba idan an ɗora shi a kai ba.

Zafi, ajiya da tukunya

Man zaitun ya fi son digiri 15 zuwa 18 a wuri mai duhu. Ƙiyasin da masu sinadarai ke aiki da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin lalacewa. Wanda ke zaune inda ɗaki ke haura digiri 35 a Afrilu sai ya yi lissafi: gwangwanin lita 5 da zai kai shekara a Atina, babban birnin Girka, ba zai kai ba a wurinsa. Gara ya sayi rabin lita ko lita ɗaya, ya shanye cikin wata biyu da buɗewa, ya rufe da kyau bayan kowane amfani, ya nisanta shi da murhu da taga. Idan babba aka samu, a ɗiba a ƙaramar kwalba mai duhu, a bar sauran a rufe a wuri mafi sanyi na gidan. Firij ba ya ɓata shi, zai dai yi gajimare ko ya daskare ya kuma narke, sai dai yawan fitarwa da mayarwa na tara raɓa a ciki.

Batun cewa ba a girki da na ƙoli, Girkawa ba su san da shi ba. Mai kyau ba ya fara hayaƙi sai wajen digiri 190 zuwa 210, suya kuwa a 170 zuwa 180 ake yi. Da shi suke soya dankali da kifi. Suna ma da rukunin abinci guda da suke kira ladera, wato masu mai, inda ake dafa ganye ko wake a tumatir da albasa da mai mai yawa a wuta kaɗan har ruwan ya tsotse, man ya taso. Ɗaya daga cikinsu bamiyes ne, kuɓewa ce ɗanya da ake yayyafa wa ruwan tsami a bari ta ɗan sha iska don yauƙin ya ragu, sannan a dafa rabin kilo da kusan rabin kofi na mai. Hikimar kawai ita ce ta aljihu: zafi na kore ƙamshin da ka biya kuɗi dominsa, don haka na yau da kullum ya shiga tukunya, agurelayo mai tsada kuma a zuba shi ɗanye a kan dafaffen wake ko gasasshen kifi bayan an sauke.